Karen da Aka Bar Mini Amana

Ni dai tun tasowata ba na shiri da kare. A layinmu a Kano in kare ya ɓullo, dutse ake fara ɗauka kafin a tambayi na wane ne. Gidan kakana a ƙauye kaɗai na san ana ajiye shi, shi ma a waje yake kwana, tsakanin turken awaki da akurkin kaji, a jefa masa ƙanzo da ƙashi ya yi gadi. Ban taɓa ganin ya ɗaga kai ya kalli kaza ba. In yana barci da rana, 'yan tsaki har bayansa suke hawa. Iyakar abin da na sani game da kare ke nan, kuma da shi na hau jirgi zuwa Kuala Lumpur.

A unguwar Danau Kota muke zaune, can sama a wani dogon bene, inda in ka leƙa ƙasa daga baranda mota ba ta fi akwatin ashana ba. Maigidana yana karatun digiri na uku. Muna da 'ya mai shekara takwas, wadda za ka yi wa magana da Hausa ta mayar maka da Turanci ko a jikinta, sai yaron goye da ya fara rarrafe. Ana haka annoba ta zo, aka kulle gari. Makaranta ta rufe, masallaci ya rufe, mutum ɗaya ne a gida yake da izinin fita cefane. Muka zauna muna kallon juna safe da yamma, har tarin mutum ya fara ba ɗan'uwansa haushi.

Ƙofar da ke fuskantar tamu ta wata tsohuwa ce 'yar Chana, ita kaɗai take zaune, ɗanta yana wani gari. Anti muke ce mata, kamar yadda ake ce wa kowace babbar mace a can. Ta yi ƙuruciyarta tana yankan yadi a wani kanti a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, don haka in ta taɓa atamfata da yatsa biyu sai ta gaya mini ko an cuce ni. Ranar da naƙudar yaron nan ta kama ni maigida yana jami'a, ita ce ta riƙe ni har mota, ta zauna da 'yata har aka sallamo ni. In ta sayo abinci a wurin mamak, wato Indiyawa Musulmi masu gidan abinci, takan rataye mana namu a ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta ce halal ne, kar mu ji tsoro. Aibinta ɗaya a wurina, tana da kare.

Ɗan mitsitsi ne, fari mai jan tabo a kunne, gashinsa a tsaye kamar burushin wanki, bai fi kyanwa mai ƙiba ba. Na daɗe ina jira ya girma. Ranar da na tambaye ta yaushe ɗan kwikwiyon nan zai zama kare, ta yi dariya har da dafa bango. Ta ce ai ya kusa sa'an 'yata, irinsu teriya ake ce musu, a haka suke tsufa. Dokar benen ta hana ajiye kare, saboda yawancin mazauna Malayawa ne, su kuwa a wurinsu kare najasa ce mai nauyi. Shi ya sa a kwando take saukar da shi ta matakala, ta rufe shi da tawul. Kowa ya sani, kowa ya kau da kai don darajarta.

Wata rana da hantsi muka ji takun mutane da yawa a bakin ƙofa. Na buɗe kaɗan na leƙa. Ma'aikatan lafiya ne cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, sun ɗora Anti a keken marasa lafiya, tana jan numfashi da ƙyar. Tana ganina ta jefo mabuɗinta, ya faɗi a gabana.

"You jaga dia, boleh?" Wato in kula mata da shi. Ta yi tari mai tsawo, sannan ta ce kar in bari masu kama karnuka su tafi da shi, wanda suka tafi da shi ba ya dawowa.

"Boleh, Anti," na ce. "Za ki dawo ki same shi da rai, in sha Allahu."

Bakina ne ya riga ni. Sai da lif ya rufe na tuna ina da miji.

Da farko na bar shi a gidanta, in shiga da takunkumi a fuskata in zuba masa abinci in fito a guje. Bai yarda ba. Tun safe har yamma yake haushi, irin siririn haushin nan mai shiga ƙwaƙwalwa, yana kartar ƙofa, ya yayyaga kujerarta har soso ya fito. Gari kuwa kowa yana gida, kowa zuciyarsa a wuya. Ba a jima ba mai kula da benen ya hawo ya ce in ya ƙara jin ƙorafi zai kira masu igiyar zarge su zo su ɗauke shi. Na koma ciki na sami maigida a gaban kwamfuta.

"Kare?" ya ce. "A gidan da ake salla? Ke kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Malam, matar nan ita ta riƙe ni ranar da kake can kana seminar. Amana ta ba ni."

"To ki mayar mata da amanarta."

"A asibitin?"

Muka yi ta yi. Na kawo masa abin da na tuna daga islamiyya, cewa a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne. Ya kawo mini maganar mala'iku ba sa shiga gidan da yake ciki. Daga ƙarshe shi da kansa ya samo mafita, don mai dogon karatu ba ya rasa ta: baranda ba cikin gida ba ce, waje ce, tunda akwai ƙofar gilashi a tsakani. A can zai zauna da sauran dabbobi.

Sauran dabbobin su ne zomayen 'yata. A danginmu ba a barin yaro ba kiwo. Ni kaza aka ba ni, maigida 'yar tunkiya. Surukata ta dame shi a waya cewa jikarta za ta tashi ba ta san ciwon dabba ba, shi ne ya sayo mata zomaye biyu, mace da namiji, a kejin waya, tunda ba a hawa lif da akuya. Yarinyar nan ta ɗauki son duniya ta ɗora musu. A kullen su ne ƙawayenta, su take yi wa karatu, su take kai wa ƙarata in na yi mata faɗa. Macen ta haihu ba da daɗewa ba, 'ya'yan ko gashi ba su gama yi ba.

Muka ɗaure karen da igiyar shanya a ƙarfen baranda, can ɗaya gefen. Dabba da dabba, me zai faru? Yana sauka ya daina haushi, muka ce alhamdulillahi. Ya ja igiyar iya tsawonta ya tsaya ƙyam yana kallon kejin, ƙafa ɗaya a ɗage, jikinsa yana rawa, yana wani ɗan kuka a maƙogwaro.

"Kun gani ko," na ce, "har ya kama gadi."

"Mama, he's looking at them funny," in ji 'yata.

Na ce ta rufe mini baki, in kuma za ta yi magana ta yi da yaren ubanta.

Ni nake sauka da shi a kwandon, da rana tsaka lokacin da zafi ya kori kowa, zuwa bayan benen inda ake tara shara, ya yi abin da zai yi. Tun da aka rufe gidajen abinci ɓerayen unguwa suka dawo wurin, manya-manya, ba sa ko gudun mutum. Ran nan ina ɗaga tawul ya fice kamar an harba shi. Kafin in buɗe baki ya cafke ɗaya a wuya, ya girgiza kai, na ji ƙas, ya yar. Ya bi wani ƙarƙashin durom ya jawo shi ta baya. Ɓeran ya juyo ya kafa masa haƙori a leɓe, bai ko yi ƙara ba, ya fyaɗa shi da bango. Ba ci yake yi ba. Kashewa kawai yake ya wuce na gaba. Da ya gama ya kwaso su ya jera mini a gaban takalmi, bakinsa jina-jina, guntun wutsiyarsa yana kaɗawa. Mai gadi ya fito daga ɗakinsa yana tafi.

Abin ya burge ni, ba zan ce bai burge ni ba. Na hau sama ina ba da labari da hannu da ƙafa. Maigida ya tashi ya je ya leƙa shi ta gilashi.

"Ashe mafarauci ne," ya ce. "To ai karen farauta an yarda da shi."

Daga ranar ya fara ajiye masa ƙashin kaza. 'Yata ta fara roƙo, in Anti ta dawo a samo mana irinsa. Ubanta ya ce za a duba, ɗan ƙarami ne, ba ya cin wuri, ba ya cin abinci da yawa, ga zuciya. Har ni na kama kaina ina tunanin yadda zai yi da gafiyoyin gidanmu na Kano. Duk cikinmu ba wanda ya haɗa abin da ya faru a bola da abin da ke cikin keji. A kanmu ɓera ɓera ne, zomo kuwa dabbar gida ce, kuma kowane kare ya san bambanci.

Ranar wata Juma'a ce. Ba masallaci, don haka azahar muke yi a falo, maigida a gaba, ni da 'yata a baya, yaron a kan tabarma kusa da ni. A makon ne aka bugo masa waya cewa baffansa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, ya rasu, an binne shi ba ya nan. Bai yi kuka ba, sai dai salla da ya riƙa tsawaitawa.

Muna tsaye wata ƙara ta tsaga falon. Ban taɓa sanin zomo yana da murya ba. Ihu ne irin na jaririn da aka taka. Na saci kallon yarona, yana nan yana tsotsar yatsa. Ƙarar ta sake tashi, haɗe da kwaramniyar waya. 'Yata ta fara motsi, na damƙe mata hannu, don ba a yanke salla saboda dabba, haka aka koya mini, haka nake koya mata. Maigida ya yi ruku'u, na bi shi. A ruku'un ta fizge. Ihun da ta yi a bakin baranda ne ya sa na yanke tawa.

Karen ya cinye igiyar. Ya tona ƙasan ƙofar kejin da haƙori da farce har wayar ta lanƙwashe, dasashinsa duk ya tsattsage. 'Ya'yan suna warwatse a kan tayil, ba mai motsi, ɗaya ma ba kai. Namijin yana jan jiki da ƙafafun gaba, bayansa ya karye. Macen tana bakin karen yana girgiza ta, jini yana fantsama a gilashi da kayan da na shanya. 'Yata ta kama ƙafafun macen ta ja. Shi kuwa ya ɗauka wasa ne, ya turje ya ja nasa. Na ji fatar ta yage. Yarinyar ta faɗi zaune da abin da ya rage a hannunta, shi kuma ya kawo nasa ya ajiye a gaban ƙafata yana kaɗa wutsiya.

Maigida ya iso, idonsa ya faɗa kan namijin da ke jan jiki.

"Wuƙa! Kawo wuƙa kafin ya mutu!"

Na kawo. Ban yi tunani ba, shi ma bai yi ba. Duk wanda ya tashi inda muka tashi ya san in dabba za ta mutu da gudu ake neman wuƙa, kar ta zama mushe. Ya take ƙafafun zomon, ya juya shi alƙibla, ya yi bisimilla ya yanka, a gaban mai shi.

"Abba, no! He's alive! Abba!"

Zomon ya fara shure-shure. Karen ya ga motsi ya daka tsalle, maigida ya kai hannu zai kare, haƙoran suka nutse a tsokar babban yatsansa.

Mutumin nan shekara da shekaru ina tare da shi, kyankyaso ma ni yake kira in kashe. Ran nan ban gane shi ba. Ya yi ƙwallo da karen ya bugu da bango. Ya ɗauki sandar goge ƙasa ya shiga zabga masa, a baya, a ƙafa, a kai, karen yana ƙara yana neman lungu, baranda kuwa ba ta da lungu. Sandar ta karye, ya ci gaba da guntun. Na shiga tsakani, ɗaya ta same ni a dantse, hannuna ya mutu nan take. Bai ma san ya same ni ba. Ya yar da guntun, ya shaƙo karen ta ƙeya, ya miƙa hannu bayan ƙarfen baranda. Karen yana reto a sama, ƙafafunsa suna laluben ƙasa, jinin hannun maigida yana bin farin gashinsa yana ɗiga.

Na cakumi rigarsa da hannun da ya rage mini.

"Wallahi in ka jefa shi, ba ni ba kai! Me zan gaya mata? Amana ce, Malam!"

"Cika ni."

"Ba zan cika ka ba. Dubi 'yarka. Abin da ta gani bai ishe ta ba?"

A barandojin benen da ke kallon namu mutane duk sun fito, don ba wanda yake da wurin zuwa. Wata mata ta rufe idon ɗanta. Maigida yana huci, ni kuwa ba na kallon komai sai yatsunsa. Can ya jawo hannun ciki, ya yar da karen a tayil, ya durƙusa cikin jinin ya fashe da kuka yana kiran baffansa.

Ya je ƙaramin asibitin unguwa aka ɗinke hannun aka yi masa allura, ya dawo bai kalli kowa ba. Zomon da ya yanka ya ce ba za a zubar ba, an ambaci sunan Allah a kansa. Na feɗe na dafa, raina yana tafasa fiye da tukunyar. Ni ban ci ba, 'yata ta shige ɗaki ta kulle. Shi kaɗai ya zauna yana tura naman kamar magani har ya cinye. Gawar sauran zomayen na zuba a leda na kai bola da kaina. Yarinyar ta daɗe ba ta ce masa Abba ba. In ya shigo falo sai ta tashi. Da surukata ta bugo tana tambayar ko zomaye sun ƙaru, yarinyar ta miƙo mini wayar ta bar wurin.

Washegari mai kula da benen ya zo. Na tsaya a bakin ƙofa na ce masa mai karen tana asibiti tsakanin rai da mutuwa, in yana da ƙarfin halin da zai gaya mata shi ya sa aka kashe mata kare, bisimilla. Na faɗa da Turancina da guntun Malayancina na kasuwa, da ƙarfi yadda duk maƙwabta za su ji. Ya ce ba ya son ya sake jin ko atishawar karen. Ya juya ya tafi.

Baranda kam ta haramta. Na mayar da shi ƙaramin banɗakin da ke bayan kicin, wanda ba ma amfani da shi, maigida bai ce waje ne ko ciki ba. Ƙafarsa ta baya ta kumbura ba ya taka ta, ido ɗaya ya rufe. Na tsane shi, Allah ya sani na tsane shi, amma na yi alkawari. Ina gasa masa ƙafar da ruwan ɗumi ina zaginsa, ɗan banza, mugu, mai baƙar aniya, shi kuwa yana lasar mini tsintsiyar hannu, in tashi in je in wanke. A bakina ya koyi Hausa: in na ce zauna ya zauna, in na ce tafi can ya ja baya. In ya ji takuna a kicin sai ya kwanta ya zuro hanci ta ƙasan ƙofa. Ban taɓa samun wanda yake murnar ganina haka ba, kuma abin haushi yake ba ni.

Wata rana na shigo kicin na tarar da 'yata a durƙushe, ta miƙar da wayar rataye kaya tana zura ta ƙasan ƙofar tana caka masa. Fuskarta ba fushi ba kuka, kamar mai yin aikin makaranta. Kan wayar akwai jini. Na fizge, na ɗaga hannu zan mare ta, sai na ga hannun nawa a sama, na sauke. Duka ya isa haka a gidan nan. Na zauna a ƙasa na jawo ta jikina, ta sandare ta ƙi lanƙwasuwa.

Ƙafar ta warke da ɗingishi. Ƙarfinsa ya dawo, rashin zamansa ma ya dawo. Ya ɓare robar bututun ruwa, ya kankare fentin ƙofa. Halitta ce da aka yi don gudu da tono da kisa, ni kuwa na kulle ta a wurin da ko mutum ɗaya ba zai miƙe ƙafa ba. Ran nan na dawo da shi daga ƙasa, na tura ƙofar ban ja sakata ba, na juya kan tukunya. Yarona ya rarrafo kicin, ya zauna yana buga murfi yana 'yar ƙarar nan da jarirai ke yi in suna jin daɗi, siririya mai tsini. Na waiwayo. Ƙofar a buɗe. Karen yana tsaye ƙyam, ƙafa ɗaya a ɗage, jikinsa yana rawa, idonsa a kan yaron.

Ban san lokacin da na wurga masa ludayi da miyar a ciki ba. Na suri yaron na fita, na goya shi na tamke zanin har ya yi kuka. Da na dawo karen ya koma ciki yana lasar inda miyar ta ƙona shi. Wataƙila wasa yake so. Wataƙila murfin yake kallo. Na yi ta juya abin a raina ban kai ƙarshensa ba, kuma ban gaya wa maigida ba, don na riga na ga abin da hannunsa zai iya. Daga ranar ban ƙara sauke yaron ƙasa ba sai na duba sakata.

Anti ta dawo bayan an ɗan sassauta kullen. Ɗanta ne ya turo ta a keke, ta rame ta zama rabi, da siririn bututu a hanci. Na buɗe banɗakin, karen ya fita da ɗingishinsa ya haye cinyarta yana kuka kamar mutum. Na tsaya a bakin ƙofa na ji wani nauyi ya sauka daga kaina. Ga shi da rai. Ta shafa ƙafar, ta ɗago ta dube ni, na gaya mata komai ban da maganar yaron. Da ta ji zancen zomayen ta rufe fuska da hannu. Ta ce ta so ta gargaɗe ni ran nan, numfashin ne bai kai ba.

Na ɗauka an gama. Da yamma ɗan ya ƙwanƙwasa, ya tsaya daga nesa da takunkuminsa, mutum mai ladabi, gajiya duk ta nuna a idonsa. Ya ce zai tafi da uwarsa garin da yake, ba za ta iya zama ita kaɗai ba, ko kofi ba ta iya ɗagawa balle kwando. Inda yake zaune ba a yarda da kare ba ko kaɗan. Ya buga wa wuraren da ke karɓar dabbobi, duk sun ce sun cika. Uwarsa ta ce karen ya saba da ni.

"You take, can? If cannot, I bring him to doctor lah. One injection, no pain."

Na gane allurar da yake nufi, ta kisa ce. Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara.

Na buga wa matan 'yan'uwanmu, na nan Danau Kota da na unguwar Bukit Bintang, ko akwai mai karɓarsa. Wata ta yi salati, wata ta yi dariya har ta ƙware, ta ce zaman waje ya fara taɓa ni. Na tuntuɓi mai gadi, ya ce su da yawa suke kwana a ɗaki ɗaya. Ba wanda ya rage sai mu. Ina cikin wannan na sauka da karen, tunda har yanzu ba mai saukar da shi sai ni, na sake shi a filin ajiye motoci. Ya yi ta zagaye da ƙafa uku da rabi, kunne a baya, in ya kai bango ya dawo ya taɓa ni da hanci ya sake tafiya. Na ce a raina da ɗan banzan nan ya ciji ko da yatsana ne, da na huta.

Abin mamaki, maigida ne ya ce a riƙe shi. Yana maganar yana kallon tabon hannunsa. Ya ce shi ya gurgunta shi, ba zai so kuma a kashe shi yana gani ba, zai riƙa fita da shi yana gudu, a samo masa sarƙa. Aka tambayi 'yata. Ta ce ba ta son ganinsa, amma ba ta son a kashe shi, ta gaji da mutuwa. Suka juyo suna kallona, ni da na tsaya masa a baranda, kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Na ce a'a.

"Ke?" in ji maigida. "Ke da kika kusa yaga mini riga a kansa?"

"Ni ɗin. Na ce za ta same shi da rai, ta same shi. Ban ce zan zauna da shi ba."

Sannan na gaya masa abin da na gani a kicin. Ya ce ai bai taɓa yaron ba. Na ce zomayen ma ya daɗe yana kallonsu kafin ya taɓa. Kare ne mai kyau a gidan tsohuwa mai kwando, ko a gonar da ɓera ya dama. Gidana kuwa akwai mai rarrafe, sakata ɗaya ce, ni ma ɗaya ce, wata rana zan manta. Ina faɗa raina yana ƙuna, don na san abin da a'ar tawa take nufi, kuma ba wanda zan ɗora wa.

Ranar tafiyarsu na fito rakiya da yaron a baya. Ɗan yana tura keken da hannu ɗaya, karen a hammatarsa. Yana ganina ya fara mutsu-mutsu, ya zame ya diro, ya ɗingiso ya zauna a kan ƙafata. Na ce tafi can. Bai tafi ba. Ɗan ya sunkuya ya ɗauke shi, farcensa ya kama bakin zanina sai da na ɓanɓare da hannuna.

Anti ta sa aka tsayar da keken a bakin lif. Ɗanta ya riga ya gaya mata dalilina, na gani a fuskarta. Ta riƙo yatsuna, hannunta ba nauyi, ta tara numfashi.

"He bite your baby?"

Da na ce e, da ta tafi da sauƙi a ranta, ni ma da na samu nawa.

"A'a, Anti," na ce. "Bai taɓa shi ba. Ko sau ɗaya."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta cika yatsuna, ta miƙa hannu ta shafa kan karen, ta ce masa wani abu da yarensu. Ba ta sake kallona ba har ƙofar lif ta rufe.